Lambar Da Ta Gagari Mai Rabo: Daga Hatimin Malamin Katsina Zuwa 2,147,483,647

Mai karatu, bari mu soma da ɗan wasan ƙwaƙwalwa kafin mu shiga tarihi. A ce wani attajiri ne ya sami asusu ranar 1 ga Janairu ya jefa naira 1. Kashegari ya jefa naira 2, rana ta uku naira 4, ta huɗu naira 8, haka dai kullum yana ninka abin da ya jefa jiya. In aka fasa asusun ranar 10 ga wata, naira 1,023 kacal za a tarar, ko cefanen yini ba za su yi ba. Ranar 20 ga wata an kai naira 1,048,575. Ranar 31 kuwa, wato ƙarshen wata, abin da ya taru shi ne naira 2,147,483,647, biliyan biyu da ɗoriya ke nan.

To a ce rai ya yi halinsa a daren nan, aka zo raba kuɗin nan daidai wa daida, bisa sharaɗin ba za a fasa naira zuwa kwabo ba. In mutum biyu ne, naira 1 za ta yi saura. In uku ne, naira 1. In biyar ne, naira 2. In bakwai ne, naira 1. A kirawo mutanen Kuki kaf, a ƙara da na Dutsin-Ma da na Kurfi, kai a tara 'yan Najeriya baki ɗaya, ko nawa ne adadinsu sai an sami ragowa. Mafita biyu ce rak: ko mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a nemo mutum 2,147,483,647 kowa ya ɗauki naira ɗai-ɗai. Da kuwa watan mai kwana 30 ne, da abin da ya taru naira 1,073,741,823 ne, kuma wannan mutum uku za su raba ta lafiya lau, kowa ya tashi da 357,913,941. Haka ma mutum bakwai, haka ma sha ɗaya.

Irin wannan lamba da ba ta rabuwa sai ga ɗaya ko ga kanta, malaman hisabi na Larabawa suna ce mata adadi awwal. Ni a nan zan kira ta gagara-rabo. Ƙananansu kowa ya san su ko da bai san sunansu ba: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, da sauransu. Su ne tubalin da aka gina dukkan sauran lambobi da shi, domin kowace lamba in ka yi ta farfasa ta, a kansu za ka tsaya. Misali 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, daga nan ba sauran fashi.

A zauren rabon gado

Yaranmu da yawa sun tashi da tunanin cewa irin wannan magana ta 'yan boko ce, Bature ne ya zo da ita cikin jaka. Alhali duk malamin da ya taɓa raba gado a zaure, a Kuki ne ko a Kurfi ko a cikin birnin Katsina, da ita yake aiki. Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Matar tana da tumuni, saboda haka asalin mas'ala takwas ne, ta ɗauki kashi ɗaya, saura bakwai. 'Ya'yan kuwa kawuna biyar ne, tunda kowane namiji rabon mata biyu gare shi. Bakwai ba ta rabuwa ga biyar, abin da malamai ke kira inkisari ke nan. Sai malam ya dubi lambobin biyu ya tambayi kansa, mene ne tsakaninsu? Littattafan fara'ili sun ba shi amsa huɗu: tamasuli in iri ɗaya ne, tadahuli in ɗaya na shiga cikin ɗaya, tawafuƙi in akwai wata lamba da ke raba su duka biyun, tabayuni in babu. Bakwai da biyar tabayuni ne tsakaninsu, don haka sai ya buga biyar ɗin gaba ɗaya a kan takwas, ya sami 40. Mata ta ɗauki 5, kowane ɗa 14, 'ya kuma 7. Magana ta ƙare, ba wanda aka ci wa ko anini.

To gagara-rabo ita ce lambar da tabayuni ne tsakaninta da kowace lamba da ke ƙasa da ita. Malamin da ya laƙanci babin gado na Risala ko na Muhtasar ya riga ya riƙe bakin zaren, sai dai shi buƙatarsa ba ta wuce lambobi 'yan ƙanana ba.

Daga Iskandariyya zuwa Bagadaza

Wanda ya fara tsara wannan ilimi a littafi shi ne Iƙilidisu, wani masani Bagirke da ya zauna a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya kawo hujja cewa gagara-rabo ba su da ƙarshe, kuma hujjar ta yi sauƙin da ɗan firamare zai gane ta. A ce wani ya zo da jeri ya ce ga su nan duka. Sai ka ninninka su gaba ɗaya ka ƙara 1. Lambar da ta fito, duk wadda ka ɗauko daga jerin ka raba ta da ita 1 zai yi saura. Ke nan ko ita kanta sabuwar gagara-rabo ce, ko kuma akwai wata a cikinta da ba ta cikin jerin. Gwada da 2, 3, 5, 7, 11, 13, za ka sami 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, ga sababbi biyu sun fito.

Shi ne kuma ya haɗa su da asusun attajirinmu. Akwai lambobin da ake kira kammalallu, waɗanda in ka tara duk abin da ke raba su sai su dawo da kansu, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1, 2, 4, 7 da 14. Iƙilidisu ya nuna cewa duk ranar da abin da ya taru a asusu ya zama gagara-rabo, in ka buga shi da abin da aka jefa a ranar, kammalalliya za ta fito. Rana ta biyu 3 sau 2 ya ba da 6, rana ta uku 7 sau 4 ya ba da 28, rana ta biyar 31 sau 16 ya ba da 496, rana ta bakwai 127 sau 64 ya ba da 8,128. Farautar kammalallun lambobi ita ce ta sa mutane suka yi ƙarnoni suna leƙen cikin wannan asusu.

An fassara littafin Iƙilidisu zuwa Larabci tun zamanin Haruna Rashidu, kuma a Bagadaza aka sami Sabitu bin Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya ɗora nasa a kai. Shi hankalinsa ya tafi ne ga lambobi masoyan juna. Dubi 220 da 284. Abubuwan da ke raba 220 su ne 1, 2, 4, 5, 10, 11, 20, 22, 44, 55 da 110, in ka tara su 284 ne. Masu raba 284 kuwa su ne 1, 2, 4, 71 da 142, jimlarsu 220. Kowace tana ɗauke da 'yar'uwarta a ciki. Sabitu ya fitar da ƙa'idar samun irin waɗannan, kuma ƙa'idar ba ta aiki sai an sami gagara-rabo uku a lokaci guda. Na 220 da 284 su ne 5, 11 da 71. Na biyunsu, wato 17,296 da 18,416, waɗanda Kamaluddin Alfarisi ya ambata wajen shekara 300 kafin Bafaranshe Fermat ya sake gano su a 1636, sun dogara ne a kan 23, 47 da 1,151. Muhammadu Baƙir Yazdi na ƙasar Farisa ya kai ga 9,363,584 da 9,437,056 a ƙarni na 17, kuma kafin ya kai nan sai da ya tabbatar 73,727 ba ta rabuwa, da alƙalami da takarda. A ƙarni na 13 ma wani Isma'ila bin Fallus ya jera lambobi goma ya ce kammalallu ne, bakwai na farko daidai suke, uku na ƙarshe kuskure.

Kada mai karatu ya ɗauka duk sha'awar ilimi ce zalla ta ja hankalin jama'a ga waɗannan lambobi. Ibn Haldun ya faɗa a cikin Muƙaddima cewa masu ɗalasimai suna amfani da 220 da 284 wajen haɗa soyayya tsakanin mutum biyu. Wato dai abin da mu nan muke kira laƙanin mahabba. Hisabi da asiri tafe suke tare tun can, kuma a haka suka ƙetaro Sahara zuwa ƙasar Hausa.

Malamin Katsina a Alƙahira

Katsina ta ƙarni na 17 da na 18 gari ne na fatake da malamai. Garin hasumiyar Gobarau ne, garin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani wanda ya rasu a 1667. A cikin wannan yanayi aka yi wani malami mai suna Muhammadu bin Muhammadu Alfulani Alkashinawi. Kashina shi ne yadda marubutan Larabci ke rubuta Katsina. A cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi da Shehu Muhammadu Bindu, kuma a nan ƙasashenmu ya yi karatunsa kafin ya kama hanyar gabas wajen 1730 don sauke farali. Daga Hijaz ya wuce Alƙahira, a can ya zauna yana karantarwa yana rubutu har ya rasu a 1154 ta Hijira, wato 1741.

A gidan Shehu Hasan Aljabarti ya cika, ɗaya daga manyan malaman Azhar, mutumin da ya yi suna a ilimin falaki da lissafi, kuma shi ya bar wa wasiyyar littattafansa. Ɗan wannan Shehu, Abdurrahman Aljabarti, wanda aka haifa bayan rasuwar Alkashinawi, shi ne babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, kuma ya sanya tarihin baƙon mahaifinsa a littafinsa Aja'ibul Asar, yana yabon zurfin iliminsa. Da ba don wannan ba, da abin da ya iso gare mu game da rayuwarsa bai taka kara ya karya ba. Ya yi rubutu a nahawu da manɗiƙi, amma abin da ya fi shahara da shi su ne Addurrul Manzum, kan ɗalasimai da taurari, da Bahjatul Afaƙ, kan ilimin haruffa da aufaƙi. Aufaƙi kuwa shi ne abin da Bahaushe ke kira hatimi.

A 1732 ya yi rubutu kan hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da sauransu. Akwai kwafin wannan rubutu a ɗakin karatun makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. Dakta Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi nazari a kan hisabin haruffansa a 1967, sannan wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da shi ga masu karatun Turanci a littafinta Africa Counts na 1973.

Takun doki

Hatimin da kowa ya sani shi ne mai gida tara, wanda ake jingina wa Imam Gazali: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Wannan ana iya haddace shi. Amma mai gida 25 ko 49 ko 121 ba ya haddatuwa, sai da ƙa'ida. Littattafan aufaƙi na Larabci, irin waɗanda Alkashinawi ya gada, sukan aro sunayen 'ya'yan shaɗaranji, darar Farisawa da Larabawa, wajen kwatanta yadda alƙalami zai riƙa tafiya daga gida zuwa gida, kuma mafi shahara shi ne takun doki: gida ɗaya ta wata fuska, gida biyu ta ɗaya fuskar.

Ga wani da na gina don mai karatu ya gwada da hannunsa. Zana gidaje biyar-biyar. Sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Daga nan kullum ka sauka gida ɗaya ka yi hagu gida biyu. In ka faɗa waje ta hagu ka shigo ta dama, in ka faɗa ta ƙasa ka ɓullo ta sama, kamar an naɗe takardar. Bayan kowace lamba biyar za ka tarar gidan da za ka shiga da mai shi, sai ka matsa dama gida ɗaya daga inda kake ka ci gaba. Abin da zai fito shi ne:

1, 7, 13, 19, 25
14, 20, 21, 2, 8
22, 3, 9, 15, 16
10, 11, 17, 23, 4
18, 24, 5, 6, 12

Kowane layi 65 ne, a kwance da a tsaye da a karkace. Har ma karkatattun layukan da suka karye, kamar 7, 21, 15, 4, 18, su ma 65 ne. Yi wannan taku a gidaje bakwai-bakwai, ko'ina 175 zai ba ka. A sha ɗaya-sha ɗaya, 671. To amma gwada shi a tara-tara ka ga gardama. Kamata ya yi kowane layi ya ba da 369, na kwance za su bayar, amma na tsaye sai ka ga na farko 360, na biyu 369, na uku 378, su yi ta maimaituwa a haka. Hatimi ya ɓaci.

Me ya sa? Saboda tara tana rabuwa ga uku. A cikin wannan tafiya akwai wani zagaye mai tsallaken uku-uku, kuma mai tsallaken uku-uku a da'ira mai gida tara, gida uku kawai zai yi ta takawa, ya bar shida ba a taɓa su ba. A da'ira mai gida bakwai kuwa, ko wane irin tsallake ka zaɓa, biyu-biyu ne ko uku-uku ko biyar-biyar, sai ka taka kowane gida kafin ka dawo mafari, domin tabayuni ne tsakanin bakwai da duk abin da ke ƙasa da ita. Ashe tabayunin zauren gado shi ne dai ke aiki a cikin hatimi. Ashirin da biyar ma takan yarda da wannan takun, tunda ba ta rabuwa ga biyu ko uku, sai dai akwai takun da za ta ƙi, duk wanda biyar ta shiga cikinsa. Gagara-rabo ce kaɗai mai sauƙin kai ga kusan kowane taku. Duk malamin da ya zauna ya tsara ƙa'idojin hatimi mara, dole ya yi karo da wannan bambanci, ko da wane suna ya kira shi.

A nan ina da magana da ɓangarori biyu. Akwai masu zuzutawa a intanet, masu cewa Alkashinawi ne ya ƙirƙiro hatimi, ko Turawa daga wurinsa suka sata. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ba ya ƙara masa daraja. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun da daɗewa, Ihwanus Safa na Basra sun kawo hatimai a ƙarni na 10, Abul Wafa Albuzajani ya rubuta littafi sukutum a kansu a wannan ƙarnin, ga kuma Albuni mai Shamsul Ma'arif a ƙarni na 13. Darajar malamin Katsina ita ce ya koyi fannin a nan ƙasashen baƙar fata, ya ƙware har ya tsara shi a littafi, ya je birnin Azhar malamanta suka karɓe shi a matsayin gwani. Wannan kaɗai ya isa abin alfahari, ba sai an yi masa ƙari ba.

Ɗaya ɓangaren kuma su ne masu yarfe hannu su ce ai tsibbu ne kawai. Gaskiya ne shi kansa ya yi imani da asiran haruffa da taurari, littattafansa ba su ɓoye haka ba, kuma malamai sun daɗe suna taƙaddama kan halaccin irin waɗannan fannoni. Wannan muhawara ta malaman fiƙihu ce, na bar musu. Amma 65 ɗin nan da ke fitowa ta kowace fuska ba aljani ne ya kawo ta ba, ƙa'ida ce, kuma tana nan daram ko an rataya hatimin a wuya ko an rubuta shi a allon aji. Kepler, wanda Turawa ke tinƙaho da shi a ilimin falaki, duban taurari yake yi wa sarakuna, Newton kuma ya ɓata shekaru a kan alkimiyya. Jikokinsu ba su zubar da lissafinsu saboda haka ba, sun tace ne suka ɗauki tsaba. Mu kuwa sai muka rabu biyu: mai kundi yana kwafar hatimi gida-gida ba tare da ya san ƙa'idar da ta haife shi ba, har in mai kwafin farko ya yi tuntuɓen alƙalami kuskuren ya yi ta yawo daga kundi zuwa kundi, alhali tara layi ɗaya ya isa ya tona shi, ɗan boko kuma yana haddace lissafi yana ganin baƙon abu ne. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina. Ɗalibin lissafi ɗaya da ɗalibin Larabci ɗaya, in suka haɗa kai a kan rubutun 1732, sun isa su fito mana da shi cikin Hausa.

Shekarar 1732 a wani gefen duniya

A shekarar da Alkashinawi ke wannan rubutu, akwai wani saurayi ɗan shekara 25, mutumin Basel ta ƙasar Suwizalan, yana aiki a birnin Petersburg na Rasha. Sunansa Leonhard Euler. Fermat ya taɓa zaton cewa 4,294,967,297 gagara-rabo ce, kuma zaton ya yi kusan shekara ɗari ba wanda ya tanka. A 1732 Euler ya nuna cewa ita ce 641 sau 6,700,417. Ba su san juna ba shi da malamin Katsina, amma abin sha'awa, shi ma Euler daga baya ya yi rubutu a kan hatimi, a 1776.

Kafin zamaninsa an ɗan yi nisa da asusun attajiri. An gane cewa in adadin kwanakin yana rabuwa, abin da ya taru ma zai rabu, shi ya sa kwana 30 bai yi ba. Amma ko kwanakin gagara-rabo ne ba tabbas. Kwana 11 yana ba da 2,047, wadda take 23 sau 89. Kwana 29 yana ba da 536,870,911, ita ma 233 na raba ta. Ke nan watanmu na Musulunci, ya yi nuƙusani ko ya cika talatin, asusunsa mai rabuwa ne. Wani Ba'italiye, Pietro Cataldi, ya tabbatar da na kwana 17 da na 19 a 1588, wato 131,071 da 524,287. A 1644 wani limamin Kirista Bafaranshe, Marin Mersenne, wanda sunansa ya bi irin waɗannan lambobi har yau, ya fitar da jeri ya sa kwana 31 a ciki, ba tare da hujja ba. Jerin nasa akwai kurakurai, ya sa 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya tsallake 61, 89 da 107.

To yaya za a tabbatar da ta kwana 31? Ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba. In lamba ta rabu gida biyu, dole ɗayan ya kasance ƙarami, kuma tunda 46,341 sau 46,341 ya zarce lambarmu, ƙaramin ba zai kai 46,341 ba. Gagara-rabo da ke ƙasa da nan sun kusa 4,800, har yanzu aiki ne ja ga mai alƙalami. Sai Euler ya ɗauko wata ƙa'ida ta Fermat: duk gagara-rabon da zai raba asusun kwana 11, in ka raba shi da 22 sai 1 ya yi saura, dubi 23 da 89 ka gani. Na kwana 31 kuwa da 62 za a auna. Ya ƙara da tasa ƙa'idar, cewa in an raba shi da 8 ragowar 1 ce ko 7. Da ya haɗa biyun, sai ya zama waɗanda ake tuhuma su ne kawai masu barin 1 ko 63 in an raba su da 248, kuma ba su wuce 372 ba. Aka bi su, ba wadda ta shiga. A 1772 ya sanar da haka cikin wasiƙa zuwa ga wani masani ɗan gidan Bernoulli. A lokacin Euler ya kusa makancewa gaba ɗaya, yawancin lissafinsa da ka yake yi yana shifta wa masu rubuta masa.

Da wannan aka sami kammalalliyar lamba ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128, wadda ta biyo bayan bakwai ɗin Ibn Fallus. A 1811 wani Baturen Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa da wuya wani ya sake wahalar da kansa neman wadda ta fi ta, tunda abin ba shi da wani amfani. Lambar Euler ta riƙe kambunta har 1867.

A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya zo da wata dabara da ba ta buƙatar gwada masu rabawa ko ɗaya, wadda Ba'amurke Derrick Lehmer ya gyara a 1930. Ka fara da 4, ka buga ta a kanta ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake tuhuma ka riƙe ragowar, ka sake. A gwada da 31, asusun kwana biyar: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194 wadda ragowarta 8, 8 ta ba da 62 wadda ragowarta sifiri. In aka ƙare a sifiri bayan taku adadin kwanaki ban da biyu, to gagara-rabo ce. Aikin da ya ci wa Euler ɗaruruwan rabawa, taku 29 ne a wannan hanya. Da irinta Lucas ya tabbatar da ta kwana 127, mai alƙaluma 39, da hannu. Ta kwana 67 kuwa, Frank Cole ne ya tashi a wani taro a New York a 1903 ya buga 193,707,721 sau 761,838,257,287 a allo, ta fito cif, ya koma ya zauna. An ce ya ce Lahadin shekara uku ya kashe a kanta.

Daga 1952 kwamfuta ta karɓi aikin. A watan Oktoba na 2024 wani Ba'amurke, Luke Durant, cikin wani shirin 'yan sa-kai mai suna GIMPS da aka fara a 1996, ya gano ta kwana 136,279,841, ta 52 ke nan da aka sani a dangin Mersenne. Alƙalumanta 41,024,320 ne. In kana rubuta alƙaluma 2,000 a kowane shafi, sai ka cika shafi sama da 20,500.

Barlow bai ga amfaninsu ba, amma tun 1977 da wasu masana uku, Rivest da Shamir da Adleman, suka fito da tsarin kulle saƙo, manyan gagara-rabo suka zama 'yan gadi. Buga biyu daga cikinsu a juna abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce ka nemo su, in masu ɗaruruwan alƙaluma ne, ya gagari kwamfutocin da ake da su. Irin wannan kwaɗo yana cikin abin da ke tsare katin cirar kuɗi da mu'amala da banki ta intanet. Ba a yin sa da lambobin Mersenne, domin su sanannu ne, ɓarawo zai fara gwada su.

Ita kuwa 2,147,483,647 ta sami wani matsayi da Euler bai taɓa mafarkinsa ba. Kwamfuta da ninki take ƙirga, kamar asusun attajiri, kuma a tsarin da aka daɗe ana amfani da shi gurabe 32 ake ware wa lamba, ɗaya na nuna ko ta riba ce ko ta bashi, 31 na ɗaukar adadi. In duk suka cika, lambarmu ce ke fitowa, daga ita sai ambaliya. A 2014 sai da YouTube suka bayyana cewa sun faɗaɗa ma'aunin ƙirga masu kallo saboda waƙar nan ta Koriya, Gangnam Style, ta kai wannan adadi. Haka kuma na'urori da yawa suna ƙirga lokaci ne da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970, kuma daƙiƙa ta 2,147,483,647 za ta buga ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Duk na'urar da ba a sabunta ba kafin ranar, agogonta zai koma Disamba 1901, lokacin da ko Turawan mulkin mallaka ba su shigo Katsina ba.